Hoton da Ya Yi Dishi-Dishi

Kyamara biyu makarantar ta mallaka, ɗalibai arba'in da ɗaya suka rubuta sunansu. Malama ba ta taɓa kai kuka a kan wannan ba. Wata shida ta yi tana sintiri a ofishin shugaban makaranta kafin ya yarda a buɗe ajin koyon hoto, kuma ranar da ya sa hannu sai da ya ce, "To, mu gani ko za ki yaye mana masu ɗaukar fasfo." Ta haɗiye maganar, ta karɓi mukullin tsohon ɗakin ajiya, ta share shi da hannunta. Tun daga ranar ta ƙudura cewa babu wanda zai ga aikin ɗalibanta ya yi dariya.

Shi ya sa ta kafa doka. Katin memori ɗaya ne a kowace kyamara, ƙarami, kuma kowane ɗalibi kwana biyu zai riƙe ya miƙa wa na gaba. Ranar duba aiki takan jona kyamarar da kwamfutarta, yara su kewaye tebur, ta zuƙo hoton har sai ƙwayar ido ta cika allon. In gefen idon ya fito tar, hoto ya tsira. In ya yi dishi-dishi, mai shi ne zai goge da yatsansa a gaban kowa.

"Hannun da ya goge sau ɗaya ba ya sake rawa," in ji ta.

Aikin wannan makon shi ne kowa ya ɗauko wani na gida. Doguwa, yarinyar da ke zama can baya saboda kanta yana tare wa mutane allo, hotuna shida ta kawo. Biyar na ƙofa ne da labule da inuwar wani yana gudu. Na shidan mutum ne a kan benci, amma kamar an shafa shi da jiƙaƙƙen tsumma.

"Wannan aljani ne ko mutum?" wata daga gefe ta tambaya. Aji ya kwashe da dariya.

"Babana ne," in ji Doguwa. "Ba ya son hoto, Malama. Kwana biyu ina binsa. Da ya ga kyamara sai ya sa hannu ya rufe fuska, ya ce shi direban babbar mota ne, ba ɗan wasan kwaikwayo ba. Wannan ma laɓewa na yi. Ina dannawa ya juyo yana dariya."

Malama ta zuƙo idon. Babu gefe, babu ƙwaya, sai hazo.

"Ɗakin ba haske, shi ya motsa, ke kin yi rawa. Laifi uku a hoto ɗaya. Goge."

"Malama, a bar min wannan mana. Ya riga ya koma hanya, sai ƙarshen wata."

"In na bar miki, gobe mutum arba'in za su kawo min uzuri. Ƙarshen wata kya sake, ki fito da shi waje inda rana take."

Doguwa ta daɗe da yatsa a kan maɓallin. Sannan ta danna, ta miƙa kyamarar ga na gaba, ta koma bencinta.

Kwana tara bayan nan aka shigo ɗakin malamai da labari: motar baban Doguwa ta ƙwace a wani gangare, ko asibiti bai kai ba. Malama ta bi sauran malamai aka je aka yi wa iyalin ta'aziyya. Hoton bai ko faɗo mata a rai ba. Bayan mako biyu Doguwa ta dawo makaranta, ta jira har aji ya watse, ta tsaya a bakin ƙofa, riga ta yi mata yawa.

"Malama, kin taɓa cewa abin da aka goge ba ya tafiya nan take. Kin ce yana nan kwance a cikin katin."

"Na ce."

"Ba mu da hotonsa ko ɗaya. Na jikin lasisinsa ne kawai, shi ma yana cikin motar. Ƙanina shekararsa uku. Mama ta ce nan da baɗi ba zai san kamanninsa ba."

Malama ta san ragowar darasin da yarinyar ba ta faɗa ba: abin da aka goge yana nan ne kawai muddin ba a ɗora wani a kansa ba. Kwana ashirin da uku ke nan kyamarar tana yawo daga hannu zuwa hannu.

"Ki ba ni kwana biyu," ta ce.

Ana tashi ta zare katin, ta nufi layin masu gyaran waya da kwamfuta. Mai gyaran da ta sani yana zaune a shagonsa mai faɗin tabarma, tabarau a goshi, warin dalma ya cika wurin.

"A'a, Malama mai kyamara! Yau kuma wa ya ɓata wa injinki rai?"

Ta faɗa masa. Ya daina wasa, ya ture wayar da ke gabansa, ya saka katin. Suka zuba wa allon ido, koren layi yana tafiyar hawainiya. Hotuna suka fara ɓullowa: ƙofar makaranta, kyanwa a kan katanga, kakar wani tana tsintar wake, ƙwallo, ƙwallo, ƙwallo. Duk sun fito tar, yadda ta koyar. Ya canza manhaja, ya sake. Ya kira wani maƙwabcinsa da ya fi shi sanin kati, shi ma ya gwada tasa dabarar.

"Ƙanwata," mai gyaran ya ce daga ƙarshe, "an cika katin nan an zubar ya fi sau uku. Kamar allon aji ne. An goge, an rubuta, an goge, an rubuta. Da kin kawo shi a ranar..."

"Na sani."

"Akwai wani guda ɗaya da ya fito rabi. Ranar ta yi daidai da wadda kika faɗa."

Ya buɗe. Labule ne, da ƙafar benci. Daga nan zuwa ƙasa toka-toka.

Washegari shugaban makaranta ya tare ta a baranda, labari ya riga ya kai masa. Ya rage murya kamar mai yi mata alheri.

"Ki ce mata katin ne ya lalace. Waye zai sani? Kayan zamani ne, kullum cikin lalacewa suke."

"Ni zan sani, ranka ya daɗe. Ita ma ta sani, da yatsanta na sa ta goge."

Bayan an tashi ta bi Doguwa gida. Ɗaki biyu ne a ƙarshen lungu. Benci yana nan jikin bango, takalman aikin marigayin a ƙarƙashi, ba wanda ya taɓa su. Uwar tana zaune tana ninke wanki, ta ga baƙuwa ta yunƙura za ta tashi.

"Zauna, Mama. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya, Malama. Ke, kawo mata ruwa."

Malama ba ta jira ruwan ba, don ta san in ta sha ba za ta iya faɗa ba. Ta faɗi komai a jere, ba ta ɗora wa kati ba, ba ta ɗora wa yaran da suka ɗauki ƙwallo ba. Ta ce yarinyar ta roƙe ta, ita ce ta ƙi.

Uwar ta ci gaba da ninke rigar da ke hannunta, ta warware, ta sake ninkewa. Doguwa tana tsaye da kofi, ruwan yana ɗiga a ƙafarta.

"To," in ji uwar. "Abin da ya tafi da mutum ɗungurungum, ina ga hoto." Can ta ɗago. "Amma ke kin gani, ko? Ni ban gani ba, ranar ina wurin aiki. Wannan kuwa ko na tambaye ta kuka take yi. Ta ce dariya yake. Wace iri? Yana da wadda yake yi wa baƙi, yana da tamu ta gida, wadda yake rufe ido ɗaya. Wacce ce a ciki?"

Malama ta rufe ido ta nemo ranar. Ta ga tebur, ta ga kawunan yara, ta ga yatsanta yana zuƙowa. Ta ga hazo ya cika allo. Ta nemi baki, ta nemi goshi, ta nemi launin rigarsa. Babu. Kalma ɗaya za ta faɗa matar nan ta samu abin riƙewa, kuma kalmar tana kan harshenta.

"Mama, ban sani ba," ta ce. "Ban kalli fuskarsa ba. Gefen idon kawai na duba."

Uwar ta gyaɗa kai a hankali, ta ɗauki wata rigar.

Doguwa ta ajiye kofin a ƙasa. Ta zo ta durƙusa kusa da uwarta, ta share hanci da bayan hannu.

"Tamu ce, Mama. Ta gida. Na hagun ya rufe."

Uwar ta kifa fuska a cikin rigar. Malama ta zauna a inda take, hannuwa a kan gwiwa. Ba wanda ya ce ta tafi, ita ma ba ta nemi tafiya ba, har suka gama kukansu.