Layi Takwas a Ƙofar Baba

Mijina Afa mutumin kirki ne, amma idan ya tashi yin alheri da ganga yake yin sa. Ba ya iya ba ka lemo ɗaya, sai kwando. Mutumin kudu ne, daga garin Wenzhou, maɓallan riga yake sayarwa buhu-buhu, kuma tun da muka yi aure Baba bai taɓa kiran sunansa ba. "Mai maɓalli ya ƙoshi?" Haka yake tambayata, alhali ga mutumin nan zaune a gefensa da kwano a hannu.

Mu 'yan gindin ganuwa ne. Lungunmu yana gabas da tsohuwar fada, in ka hau rufin da Baba ke kiwon tattabarunsa kana hango rufin fadar ruwan ɗorawa yana ƙyalli. Kakan Baba kunu yake sayar wa fadawan da ke jiran a buɗe musu Ƙofar Gabas. Baba kuwa tarihi ya koyar a firamare har ya yi ritaya, kowace shekara yana jan yara a layi yana nuna musu zaurukan sarauta, da randunan tagulla na kashe gobara, da 'yan gumakan dabbobin da ke jere a gefen rufi. Ni ma a cikin fadar nake aiki, a wani kantin tsaraba, kuma ta Ƙofar Gabas nake fitowa kowace yamma. Ba mu da komai sai ɗaki biyu a gidan da muke tarayya da wasu iyalai, amma in ka ji Baba yana maganar fadar nan sai ka rantse shi ya ba da aron ta.

Da damina ta ja baya Baba ya fara ramewa, muka kai shi asibiti. Likita ya kira ni da Yaya Deming, ya rufe ƙofa. Ciwon daji ne a hanta, ya ce, ya riga ya bazu, mu kai shi gida ya ci abin da ransa ke so. A wurinmu ba a faɗa wa tsoho irin wannan magana, 'ya'ya ne ke ɗauke masa ita. Yaya ya yanke cewa gyambon ciki ne, ni kuma na zama gwanar faɗa. Ina ɓare masa tuffa ina ce masa likita ya ce kafin sanyi ya shigo zai koma kan rufi wurin tattabarunsa. Baba ya dube ni ta saman tabarau, ya karɓi tuffar.

Afa ma ya sani. Yaya ya ja shi gefe ya ce, "Kai dai aikinka ɗaya ne, ka rufe bakinka." Ya rufe, amma ya kasa zama. Yau ya kawo miyar kunkuru, gobe bargo na uku, jibi rediyo. Ya tsaya a bakin gado yana murza hannu har ya ishe ni.

"Don girman iyayenka ka je ka nemi abin yi," na ce masa. "Ka daina tsaya mana a ka kamar sandar fitila."

Ya tafi ya nemi abin yi. Ni ina asibiti, ban leƙa lungu ba, ban kuma tambaye shi ba.

Ranar da aka sallami Baba, da hantsi, mota ta ajiye mu a bakin lungu don ba ta iya shiga. Yaya na tura keken marasa lafiya, ni ina riƙe da flas da roba da ƙullin kaya. Tun daga nesa na ga taro a ƙofar gidanmu. Maƙwabta sun fito, har da masu dara na gindin bishiya. Inna Guan, wadda ɗakinta ke jikin namu tun kafin a haife ni, tana tsaye da gari a hannu, ta murza taliya, don wanda ya dawo gida taliya ake ba shi. Tsohuwar ƙofarmu, wadda gara ta gama da ita, babu ita. An lulluɓe wurin da jan ƙyalle tun daga sama har ƙasa, ga Afa a gaba cikin kwat, bakinsa har kunne.

"Mijin naki ya hana mu leƙawa," in ji Inna Guan. "Da safen nan aka kawo ta a lulluɓe kamar amarya. Ya ce duk wanda ya ɗaga ƙyallen babu shi babu taliya. Taliyata fa!"

Aka yi dariya. Afa ya rusuna gaban keken.

"Baba, barka da dawowa. Ɗan abu ne kaɗan, ba shi da yawa."

"In ka ce kaɗan sai gabana ya faɗi," in ji Baba. "Buɗe mu gani."

Afa ya ja igiya, ƙyallen ya zube.

Gaskiya ƙofar ta yi kyau, wannan ba zan hana shi ba. Ƙyamare biyu ne ja wur, fentin yana sheƙi, an jera musu manyan ƙusoshi masu kai kamar rabin ƙwai, ruwan zinariya, irin na ƙofofin fada sak. Wani ya fara tafi. Inna Guan ta matso tana goge hannu a jikin riga, ta ɗora yatsa a layin sama tana saukowa.

"Ɗaya, biyu, uku…" Da ta kai ƙasa sai ta janye yatsan. Ta koma sama ta sake. Mai tafin ya daina.

Layi takwas ne. Kowane layi ƙusa tara, amma layin takwas ne.

Ko yaron da bai iya ɗaura wando ba a lungunmu ya san wannan. Manyan ƙofofin fadar layi tara ne, don tara adadin masu rai ne, adadin sarki. Ƙofar Gabas ce kaɗai mai takwas. Masana suna da bayanansu iri-iri, Baba ma yana da nasa, amma abin da tsofaffin lungu ke faɗa ɗaya ne: ta nan ake fitar da akwatin gawar sarki, shi ya sa aka rage mata layi, shi ya sa ake ce mata Ƙofar Fatalwa. Ita mijina ya kwaikwayo ya kafa wa Baba, ranar da ya dawo daga asibiti.

Kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Afa yana ta duban fuskoki ɗaya bayan ɗaya, murmushin bai gama barin bakinsa ba.

"Takwas ne," ya ce. "Na ƙirga da kaina. Takwas ai arziki ne, ko lambar motata…"

"Arzikin uwaka!" Yaya ya saki keken ya shaƙo wuyan kwat ɗin Afa. "Wa ya aike ka? Ka zo garin mutane ba ka san gabas ba ba ka san yamma ba, sai kuɗi kamar hauka! Ka san abin da ka kafa mana? Ka san abin da ka kafa wa tsohon nan?" Ya sake shi ya juya ga masu dara. "Ku ba ni guduma. Wani ya ba ni guduma!"

Ni kuma, gwanar gyambon ciki, sai na ji flas ɗin ya suɓuce daga hannuna, kuka ya ƙwace mini. Ba ɗan hawaye ba, kuka sosai, da baki a buɗe, a tsakiyar lungu. Inna Guan ta rufe fuska da hannunta mai gari. Masu dara suka sunkuyar da kai kowa yana duban takalminsa.

Baba bai kalli ƙofar ba. Mu yake kallo, ɗaya bayan ɗaya, irin kallon da yake wa aji idan an fasa taga.

"Deming, ajiye hannunka," ya ce. Bai ɗaga murya ba. "Mai maɓalli, zo nan. A ina ka samo zanen?"

Afa ya durƙusa, wuyan kwat ɗinsa a karkace. "Hoto na ɗauka na kai wa kafinta, Baba."

"Ƙofofi sun yi yawa a fadar nan. Me ya sa waccan?"

"A nan nake jiran Shulan ta tashi aiki, tun kafin mu yi aure. Har yanzu ma wani lokaci." Ya gyara wuyan kwat ɗinsa. "Ita na fi sani. Na sha ƙirga ƙusoshinta ina jira."

"Ba ka san sunan da ake kiranta ba?"

"Ƙofar Gabas."

Baba ya yi wata 'yar dariya ta hanci. "Ashe wauta ce kawai. Da ƙyallen nan ya faɗi na ce a raina, kai, ga namiji a gidan nan, ya rasa bakin faɗa mini ya sa kafinta ya faɗa." Ya juyo gare ni. "Shulan, share hancinki, ki dube ni."

Na kasa.

"Da gyambon ciki ke damuna," ya ce, "da yanzu Guan tana birgima a ƙasa don dariya. Da Deming ya samu abin tsokanar mai maɓalli har sabuwar shekara. Da ke kin kama kunnensa kin ja shi ciki. To ga shi babu mai dariya. Ɗana yana neman guduma, 'yata tana kukan makoki, abokan darata sun ga abin kallo a takalmansu." Ya dubi Inna Guan. "Har ke, Guan?"

"Malam Tong, yaran nan don kai suka yi…"

"Ashe duk lungu ya sani, sai mai hantar."

Tattabarun Baba suka wuce ta samanmu, 'yan usur ɗin da ya ɗaura musu a wutsiya suna kuka, babu wanda ya ɗaga kai. Kunyar da na ji ta ƙofa ta zama wasa. Baba fa mutum ne da ya shekara da shekaru yana gaya wa yaran mutane wane sarki ya rataye kansa a tudun bayan fada, wace matar sarki aka jefa a rijiya, bai taɓa sassauta musu ba, yana cewa yaro ma yana iya ɗaukar gaskiya. Shi na yi ta ɓare wa tuffa ina yi masa tatsuniya.

"Baba, bari in cire ta," in ji Yaya a hankali. "Kafin yamma in sa a ƙara layi ɗaya."

"Ka ƙara layi ka ƙara mini kwana? Bar ta." Ya miƙa wuya yana duban ƙofar da kyau, karo na farko. "Fentin ya yi kauri, kafintan ɗan gaggawa ne. Kuma a zamanin kakana, talaka ya kafa ƙusa ko ɗaya irin wannan a ƙofarsa, kansa ne zai biya. Kai, ina dokin ƙofar ya tafi?"

"Na sa an cire, Baba," in ji Afa, kansa a ƙasa. "Na kuma sa an faɗaɗa wurin, don keken ya wuce ba sai an ɗaga ka ba."

Baba ya daɗe yana duban faɗin. Na san abin da yake gani, don ni ma shi nake gani. Ranar da Mama ta rasu, tsohuwar ƙofar ta hana makara fita, sai da aka karkata ta gefe ɗaya, mayafin ya zame, Baba ya tare shi da hannu. Bai taɓa maganar ba, amma ya daɗe bai bi ta ƙofar da ido a buɗe ba.

"Ta yi," ya ce. "Ni ba sai an karkata ni ba."

Yaya ya juya baya.

"Afa," in ji Baba.

Mijina bai motsa ba. Ina jin bai gane da shi ake ba.

"Afa, da kai nake. Kai ka kafa ta, kai za ka shigar da ni. Tashi ka tura."

Afa ya miƙe, ya share fuska da hannun kwat, ya kama keken. Ya tura ƙyamaren da ƙafa suka buɗe ba ƙara. Da suka zo daidai ƙofar Baba ya miƙa hannu ya shafa ƙusa ɗaya, yadda masu yawon buɗe ido ke yi a fada don neman sa'a, sannan suka shige. Maƙwabta suka watse sumui-sumui. Inna Guan ta tuna da tukunyarta ta ruga.

Aka bar ni a waje da roba da ƙullin kaya da fasasshen flas, ina tsintar gilashin da bai kamata a tsinta da hannu ba, don dai kar in shiga. Sai na ji muryarsa daga tsakar gida.

"Shulan! Taliya tana kumbura. Shigo ki zauna kusa da ni, ki faɗa mini abin da likita ya ce. Daga farko, kar ki tsallake komai."

Na zuba gilashin a robar, na ɗauki ƙullin, na shiga.