Jinin Rabi'atu

Khairat ba ni na haife ta ba, amma shiga unguwarmu Zongo ka faɗi haka ka ga yadda za mu kwashe. Ɗiyar ƙanena Issa ce. Uwarta Rabi'atu ta rasu tana goyonta, aka miƙo mini ita, ni da Allah bai ba haihuwa ba. A wurinmu kuwa ba a gaya wa ɗan riƙo cewa riƙonsa ake. Inna take ce mini, shi ke nan.

Shekarar da kasuwar Rood Woko ta ƙone, cikin Khairat ya fara tasowa, ba ta daɗe da aure ba. Ni sarkin zumuɗi har na sayo zanen goyo a kasuwar Sankaryaaré. Ashe ba juna biyu ba ne.

A asibiti lokotoron, wata Bamosa, 'yar ƙabilar Mosi, mai sanyin magana, ta duba hoto ta ce ciwon daji ne a ƙwan mahaifa. Ta ce ba a cika ganinsa a yarinya kamar wannan ba, sai dai akwai irin da ke bin jini, ta wajen uwa ko ta wajen uba. In na gado ne, aikin da za ta yi mata daban ne, kuma sai an duba matan dangi. Ta tambaya ko wata ta taɓa yin sa.

Khairat ta nuna ni, ta ce da Faransanci ga uwarta nan garau, ko zazzaɓi ba ya kayar da ita.

Faransancina na ciniki ne, amma na ji. Na tuna Rabi'atu, ciki kamar tulu, muna ta cewa sammu ne. Yayarta ma haka ta tafi a Maraɗi. Wallahi na so in yi shiru. Da bakina zan cire kaina daga uwar yarinyar nan? Amma na faɗa duka, ina kallon ƙasa.

Da muka fito muka zauna a inuwa muna jiran mijinta ya kawo babur. Na kasa kallonta.

Ta ce, "Inna, tun ina firamare na sani."

Na ce to don me ta yi wa lokotoro ƙarya, ja'ira, da ranta take wasa?

Ta kwantar da kai a kafaɗata ta ce, "So nake a ce jininki ne kaɗai a jikina."

Ni ma shi nake so tun ranar da aka miƙo mini ita. Da ana yi, da a kwano zan tsiyaye mata shi.