Bugu na Biyar

Karo na takwas ke nan Auta tana ɗauke hannu daga kan piyano kafin a kai amshi.

"A tsaya. Baba, ka sake ƙarawa."

Mahaifinta ya daina kaɗawa. Ya ɗora sandunan a cinya yana kallon fatar ganga. Shekara arba'in yana kaɗa ganga a kiɗan jaz, a hannunsa ta koyi ƙirga kiɗa tun ba ta iya rubuta sunanta ba. Amma waƙar yau tata ce, kuma ƙarfe huɗu wasu za su karɓi situdiyon. Agogon bango ya nuna uku da kwata.

Tsarin yana nan a takardar kowa: baiti biyu, amshi, 'yar mahaɗa mai sada sassan waƙar, kowane zango bugu huɗu. Sai dai tun bayan ɗaukar farko, duk sanda Doguwa, mawaƙiyarsu, ta kai ƙarshen baiti, tsohon sai ya cusa bugu na biyar, mai jita ya afka amshi shi kaɗai, komai ya watse.

Injiniya mai ɗaukar sauti ya yafito Auta ta bayan gilashi. Ta shiga, ya sassauta murya.

"Ba raini ba, amma hannun Baba ya gaji. Ina da ganga a kwamfuta, minti goma na dasa miki ita."

Kafin ta amsa ta hango jar fitilar makirufo a kunne. Ashe duk abin da ya faɗa ya isa kunnen makaɗan. A can ciki Baba yana zare abin ji daga kunnensa a hankali. Ya miƙe, ya turo ƙofa, Injiniya ya rasa inda zai sa idonsa.

"Sa mini ɗaukar farko, wadda na yi muku huɗu cif," in ji Baba. "Kashe ganga, kashe kowa. Muryar yarinyar nan kawai."

Muryar Doguwa ta cika ɗakin, tsirara. Layin ƙarshe na baitin dogo ne, kalmomi na bin juna a guje. A bakin amshi aka ji ta fizgi numfashi kamar wadda aka tsamo daga ruwa, kalmar farko ta amshin kuwa ba ta fito ba sam.

"Maimaita," in ji Auta. Aka maimaita. Kunya ta rufe ta. Wata biyu tana kan waƙar nan a piyano, ba ta taɓa rera layin da ƙarfi ba ko sau ɗaya.

Doguwa ta leƙo daga bakin ƙofa. "Na so in faɗa miki, ƙawata. Na ga yadda kike ji da layin ne."

"Baba, kai me ya hana ka faɗa tun safe?"

"A gaban mutanenki zan yi miki gyara? Na ɗauka kunnenki zai kama. Sai na ga ƙirga kawai kike yi."

Saura minti ashirin da biyar. Ko ta yanke kalmomi, ko ta karya tsarin. Ta fizgi biro daga aljihun Injiniya, ta bi takardun ɗaya bayan ɗaya tana soke huɗu, tana rubuta biyar.

"Yanzu kuma?" in ji mai jita. "Sai da yatsuna suka haddace?"

"Ka bi Baba."

A ɗauka ta goma Auta da kanta ta riga kowa shiga. Babu wanda ya yi dariya. Ta goge tafin hannunta a riga, suka sake. Wannan karon ta daina ƙirga, ta zuba wa kafaɗar Doguwa ido. Kafaɗar ta ɗaga, ganga ta jira, su duka suka sauka kan amshi tare. Ba su tsaya ba har ƙarshe, ko da aka fara ƙwanƙwasa ƙofar waje.

Injiniya ya zo ya rusuna. "Baba, a yi haƙuri."

"Ya wuce," in ji tsohon, bai ɗago daga jakar da yake zugewa ba.

Auta ta karɓi jakar ta rataya. A kan matakala ya tsaya ya huta, hannunsa a jikin bango.

"Mahaɗar nan taki ma akwai magana," ya ce. "Amma bari mu isa gida tukuna."