Waken da Bai Huce Ba

"Je ka tambaye shi mana, ai maƙwabcinka ne," in ji Alhaji Sanusi, mai sitonmu. A ƙofa, babbar motar fataken Yankara sai ruri take yi, wake suka zo ɗauka.

Wallahi kunya kamar ta kashe ni. Malam Barau yana kwance rai a hannun Allah, a ce in je masa da zancen kwamfuta? Haka dai na ja ƙafa na tafi.

Ni da Malam Barau katanga ɗaya ta raba mu a Faskari, kuma sito ɗaya muke wa aiki. Shekarun da fetur ya yi daraja, harka ta buɗe, Alhaji ya sayo kwamfuta aka yanka wa kowa iyakarsa. Ni mai sayarwa, yawan buhuna da farashi kawai take nuna mini. Gurbin ranar da aka zuba wa wake maganin ƙwari kuwa, Malam Barau kaɗai ke buɗe shi da lambobin sirrinsa. Shi ya nace a yi haka, tun da wani ma'aikaci ya taɓa sauya ranar don kaya su fita da wuri, gida guda suka kwanta asibiti. Alhaji ne kawai aka ba wasu lambobin na ajiya, shi ma tuni ya manta su, wanda ya haɗa mana tsarin kuma ya koma Kano, wayarsa ba ta shiga.

Na sami Malam Barau kan tabarma, matarsa Inna Dada tana yi masa fifita. Ya rame har ya ba ni tsoro. Na yi ta kewaye-kewaye kafin in faɗi abin da ya kawo ni.

"Mani," ya ce da ni a hankali, "rabin waken nan bai huce ba, maganin bai gama fita ba."

Na tambaye shi wane rabin. Ya lumshe ido yana lalube, abin ya ƙi zuwa. Na ce to ya ba ni lambobin in duba.

"In na ba ka, Alhaji na ba. Shi ko sauri shika yi. Bari in tashi gobe, ni zan buɗe da hannuna."

Na ji haushinsa, ba zan ɓoye ba. Na kuma san gaskiya ya faɗa.

Bai kai la'asar ba. Mu muka wanke shi, muka kai shi makwancinsa.

Daga maƙabarta na biya sito in ce a sallami motar. Ba mota. Alhaji ya ce sun shinshina buhunan, ba su ji warin magani ba, fatake kuma ba za su kwana ba. Bai yarda mun haɗa ido ba.

A inda aka yi lodi, wani buhu ya tsiyaye, kajin unguwa sun taru suna tsattsagar waken. Na tsuguna nan da ƙasar kabari a ƙafata, na zuba musu ido in ga abin da zai same su.