Wanda Ya Gasa Duwatsunsa

Hassada zan ba ku labarinta, irin wadda take hana mutum jin magana har ƙarshenta.

Wa da ƙane ne, masu sassaƙar dutse. Fili ɗaya suka gada, igiya kawai ta raba su. Wan yana yanka farin dutse mai laushi, wanda ake manna wa bango. Ƙanen kuwa marmara yake gogewa har mutum ya ga fuskarsa a ciki. Masu saye sai su bi ta gaban wan, su ce masa sannu da aiki, su tsallake igiya. Wannan sannun ita take ci masa rai.

Ran nan wata malamar makaranta ta zo duba teburin da ƙanen yake yi mata. Wan yana gefe, wai wasa ƙarfe yake, kunnensa na can.

"Ka san dutsenka da na yayanka asalinsu ɗaya?" in ji ta. "Nasa laka ce da ɓawon halittun ruwa da suka kwanta suka daskare. Naka ma shi ne, sai dai ya nutse can ƙarƙashin ƙasa, zafi ya gasa shi, nauyi ya danne shi."

Ƙanen ya yi dariya. "Yaya, ka ji? Ashe naka ɗanye ne."

Wan ya jefar da ƙarfen ya shige rumfa. Shi ya sa bai ji sauran bayanin ba, cewa nauyin na tsaunuka ne, shekarun kuma ba su ƙirguwa.

Yana da allunan dutse arba'in da ya yanka wa wani magini, za a kwashe ƙarshen mako. Ya haƙa rami, ya jera su, ya ɗora musu tsohon injin mota, ya hura wuta. Kwana uku tana ci. Da itace ya ƙare ya ɓalle ƙofar rumfarsa ya cusa.

Matarsa ta kawo abinci ta ce, "Baban yara, dutsen in ya nuna da me za mu ci shi?"

"Ke dai zuba ido."

Ƙanen ya leƙo. "Yaya, kashe wutar nan, ka bari in faɗa maka..."

"Tsaya bayan igiyarka."

Rana ta huɗu ya kwara musu ruwa don su huce. Ramin ya ɗauki tafasa, allunan suka kumbura suka narke kamar kunu. Ya kai hannu don ya ceci ko ɗaya, fatar ta saɓule. Zafi babu nauyi farar ƙasa yake yi, irin wadda ake shafa wa bango. Kowane magini ya san haka, da ya tambaya.

Maginin ya zo, ya leƙa ramin, ya ce masa sannu da aiki, ya tsallake igiya.

Ga abin da ya rasa: alluna arba'in, itacen girkin wata shida, ƙofar rumfa, fatar yatsu huɗu, da maginin da ya shekara tara bai taɓa saye wurin kowa ba sai shi.