Jinkirin da ke Cikin Kiɗan Inuwa

Daga Gaya har Ajingi, da wuya a sami unguwar da Inuwa mai fiyano bai yi kiɗan biki a cikinta ba. Kalangu da ganga da sarewa duk suna cikin tsohon fiyanon nan nasa, da yatsu yake fito da su. Sai ga shi bana, bikin 'yarsa Halima Sadiya na matsowa, hawan jini ya shanye masa ɓarin dama. Ƙafa ta dawo, baki ya dawo, hannu ya ƙi. Ga shi kuma tun tana ƙarama ya yi mata alkawarin shi zai yi kiɗan waƙar bikinta.

Ashraf, ɗan yayansa, shi ya ɗauko shi a babur daga garinsu Toranke zuwa shagonsa da ke bayan tashar Gaya. Shi ma kiɗa ne sana'arsa, amma a kwamfuta yake haɗawa, kuma sun daɗe suna tsokanar juna a kan haka.

"Bismillah Baffa, ga kujera. Yau dai an shigo shagon masu kiɗan ƙarya."

"Ni na ce ƙarya? Kiɗan malalata na ce. Ƙato ya zauna yana danne-danne kamar mai rajistar layin waya."

"To malalacin ne zai fitar da kai kunya."

Inuwa bai yi dariya ba. Ya ɗaga hannun damansa da na hagu, ya ajiye shi a cinya.

Ashraf ya matso da makirfo kusa da tebur, ya ce ya buga kiɗan da ke ransa da hannun hagu. Inuwa ya rufe ido ya fara bugun katako, yana bi da baki a hankali. Da ya gama, Ashraf ya ɗora muryar kalangu a kan kowane bugu. Sannan ya yi abin da duk mai kwamfuta yake yi ba tare da tunani ba: ya danna maɓallin da ke jera bugun daidai kan layukan allo, kamar shuka a kan kunya. Ya kunna sifika.

Inuwa ya saurara har ƙarshe.

"Wannan na wane ne?"

"Naka ne mana. Miƙe shi kawai na yi."

"Ka miƙe shi ya mutu. Wa zai yi rawa da wannan? 'Yan firamare ranar fareti?"

"Baffa, hannun hagu ne fa, yana kaucewa. Dole a gyara."

"Mayar min da shi yadda na buga."

Ashraf ya mayar, ya faɗaɗa hoton har kowane bugu ya tsaya a allo kamar kan dawa. Wasu sun warwatsu, wani gaba, wani baya. Yana shirin nuna wa Baffa hujjarsa sai ya tsaya, ya matso da fuskarsa.

"Tsaya. Dubi nan. Dubi nan kuma."

A kowane zagaye, bugun ƙarshe yana sauka a bayan layi da ɗan tazara, bai fi faɗin ƙwayar gero ba. Kuma tazarar iri ɗaya ce daga farkon kiɗan har ƙarshensa.

Inuwa ya daɗe yana kallo.

"Ni nake yin wannan?"

"Wa zai yi in ba kai ba?"

"Wallahi ban sani ba. Ni dai na san ina jiran ƙafar mata ta sauka ƙasa kafin in rufe." Ya kai yatsa ya taɓa allon a hankali. "Ikon Allah. Ashe ana ganin abin da ido."

"Shi ya sa in ka yi kiɗa tsofaffi ma suke miƙewa," in ji Ashraf, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Na ɗauka fiyanon ne."

Sai dai aiki bai ƙare ba. A cikin bugun da suka kauce, akwai na ciwo, akwai na Inuwa, kuma kwamfuta ba ta san bambancinsu ba. Ashraf ya rinƙa kunna su ɗaya bayan ɗaya, Inuwa na cewa, "Wannan ciwo ne, gyara. Wannan nawa ne, kar ka taɓa." Suka zo kan wani da ya gagara. Ashraf ya ja shi gaba, aka ce ya yi yawa. Ya dawo da shi, aka ce bai kai ba.

"Kai, kawo abin nan."

Ashraf ya tura masa linzamin kwamfutar. Inuwa ya ja shi da hannun hagu da ƙarfi, kibiyar da ke allon ta gudu can kusurwa.

"Baffa, ba garma ba ce, sassauta."

"Rufe min baki."

Ya sake kamowa. Ya ɗauki bugun, ya matsar da shi kaɗan, ya saki. Shekara da shekaru, in bugu ya fita daga yatsansa ya fita ke nan, ba ya dawowa. Yau ga shi ya kama ɗaya ya ajiye shi inda yake so.

Ashraf ya kunna daga farko. Kalangu ya cika shagon, yana tafe yana ɗan jan ƙafa a ƙarshe.

"Kira min ita," in ji Inuwa.

Da Halima Sadiya ta ɗaga, Ashraf ya sake kunna kiɗan, ya kara wayar a jikin sifika. Can suka ji ta ja numfashi.

"Baba? Baba, hannun ya tashi ne?"

Inuwa ya karɓi wayar.

"Bai tashi ba, Sadiya. Amma kiɗanki ne wannan, ni na yi. Ki gaya wa ƙawayenki su shirya."

Ya goge ido da gefen hula, ya jawo kujera kusa da allon.

"Saura sarewa. A ina take ɓoye a cikin abin nan naka?"