Ɓangaren da Khaula Ta Gina

Muntasir ne ya yi wa ƙungiyar manoman Kademi manhajar da ke auna faɗin gona daga hoton tauraron ɗan'adam. Da harshen kwamfuta da ake kira Python ya rubuta ta, amma nawa gare ta. Kafin ta auna gona ɗaya mutum ya ci tuwo ya wanke hannu. Ƙanwarsa Khaula, da ta zo gida Gaya hutun jami'a, ita ta sake rubuta ɓangaren lissafin da wani harshen mai suna C, wanda ya fi sauri, ta gina shi ya zama fayil guda da Python ke jawowa ciki. Nan take manhajar ta koma kamar walƙiya. Da mutane suka yaba, Muntasir bai ambaci sunanta ba. Tun yana shiru har ya fara cewa, "Ai sai da na sha wuya a kansa."

Ranar wata Laraba manoman Gafasa suka gayyace shi ya saka musu manhajar a sabuwar kwamfutarsu. Baffan su Muntasir, Inuwa, shugaban ƙungiyar Kademi, shi ya rako shi, yana ta nuna shi ga dattawa.

Ya kwafe komai, ya danna. Jan rubutu ya fito: Python ta kasa jawo fayil ɗin. Ya sake, haka. Ya gane matsalar sarai: don tsohuwar kwamfutarsa aka gina fayil ɗin, wannan kuwa sai an sake gina mata nata. Yadda ake ginawar ne bai sani ba. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

"Ba kai ka yi abin ba?" in ji Baffa a hankali.

Muntasir ya kira Khaula. Lasifikar kunnen wayarsa ta lalace, dole ya saka ta a fili, kowa na ji.

"Yaya, sabuwar Python ce a kanta," ta ce. "Sauko da kayan ginin C tukuna, sannan ka rubuta umarnin da zan karanto maka." Sai ta ji dattawa na tari, ta gane ba shi kaɗai ba ne, ta ƙara da cewa, "Kamar dai yadda ka koya min."

Wannan rufin asirin ya fi jan rubutun ƙona shi. Ya rubuta abin da ta faɗa harafi-harafi. Fayil ya ginu, gonar farko ta fito a allo, dattawa suka hau sa masa albarka.

Bai iya ɗaga kai ba.

"Baffa, ban koya mata komai ba," ya ce. "Ita ta yi wannan ɓangaren. Ni ko karanta shi ban iya ba."

Baffa ya daɗe yana kallonsa, sannan ya karɓi wayar.

"Khaula, Baffanki ne. Dattawan Gafasa na son gaisawa da ke."

Muntasir ya ja kujerarsa baya, ya ba su wuri.